Kwalbatin Kan Iyaka

Ni Tanimu mai ɗinkin hannu, jikan masu allura,
aska takwas na sani, na san tambari da sharaba,
shekara arba'in zare na bin yatsuna,
amma ban ga ɗinki irin na Zariya ba:
an tsaga ta ƙyalle-ƙyalle, aka ce wai an ɗinka.

Ka haye Kubanni, ka shiga Sabon Gari,
can da nasu shugaba, da tasu sakatariya.
Nan kuwa gundumomi goma sha uku muke,
Kwarbai ma biyu ce, sai ka ce tagwaye,
ga Kaura, ga Juma, ga Limancin Kona,
Gyallesu, Tudun Wada, Tukur-Tukur,
ka zaga Dambo ka dawo Unguwar Fatika.

Ban manta sauran ba, numfashi ne ya gaza.
Kowace da kansilanta, kowane kansila da jaka.

To, ga inda gizo ke saƙar.
Zauren gidanmu na kallon gunduma ɗaya,
katangar baya ta jingina da wata.
Tsakani akwai kwalbati, tun na zamanin babana,
ya rufta bara, daren Laraba, cikin marka.

Na je wa Kansila Dalhatu, ya ba ni kujera,
ya buɗe taswira, ya bi ta da bayan biro,
ya ce, "Baba, da taku uku ka fita hannuna,
ruwan ne nawa, ramin na Iyal ne,
je ka gare shi, ai shi ne naka."

Iyal ya ce ramin dai nasa ne, bai musa ba,
amma hanyar da ta bi ta kai ta jiha ce,
sai ɗan majalisa. Na ce wanne?
Na Birni ko na Kewaye?
Ya sosa ƙeya, ya ce zai bincika.

Mai unguwa Shu'aibu bai da taswira.
Ya san gidan kowa da wanda ya haƙa rijiyarsa,
ya ce zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi.
Magana ta hau sama kamar hayaƙin murhu,
har yau ina jira ta sauka.

Katin zaɓena kuwa cewa ya yi:
rumfa ta tara, gindin durumin Malam Barau.
Durumin ya faɗi, an yi turame da shi,
Malam Barau shekara ashirin yana ƙasa,
amma duk zaɓe nan muke layi, rana na dukanmu,
a inuwar da babu ita sai a takarda.
Akwati ɗaya, kuri'a kala-kala:
wannan na Kaduna, wannan na Abuja,
wannan na kansilan da zai ce ban cikin nasa.
Ranar nan kaɗai ba mai tambayar iyaka.

Jiya jikata Kulu ta dawo daga makaranta,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ramin ya ci.
Ta ce, "Kaka, mu 'yan wace gunduma ne?"
Na dubi siket ɗinta, na ce, "Ta laka."

Da asuba sai ga Delu mai ƙosai da buhun yashi,
ita ta gundumar Iyal ce.
Sale makaniki ya jawo tsohon rodi,
shi na Dalhatu ne, ba wanda ya tambaye shi.
Na sayar da riga guda, muka sayi siminti huɗu.
Da la'asar mai kura ya bi ta kai, bai karye ba.

Ni dai abin da allura ta koya mini ke nan:
ba a tsakiyar ƙyalle riga ke yagewa ba,
a gaɓa ne, inda biyu suka haɗu.
Nan mai ɗinki ke ninka zare.
Masu taswira, in kun sake zama da almakashi,
ku bar mana bakin da za mu kama mu ɗinka.